Me mutum ɗaya zai yi da keke biyar?

A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ba a rasa irin mutumin nan. In ka leƙa zaurensa sai ka tarar da kekuna jere: ɗaya jingine da bango, ɗaya rataye a ƙusa, wani kife ƙafafu sama an kwance masa sarƙa. Shi ba mai gyara ba ne, ba ya kuma ba da haya. Galibi malamin lakwal ne, ko ma'aikacin buro, ko ɗan kasuwar da ke da halin sayen babur, wani ma yana da babur ɗin a ajiye ƙura na hawansa. Amma kullum safiya keke yake turowa waje. Da shi yake zuwa aiki, da shi yake zuwa kasuwa, da suna, da gaisuwar rasuwa.

Maƙwabta kan rasa inda za su ajiye shi. Wasu na cewa rowa ce ta hana shi shan mai, wasu na cewa ɓarna ce mutum mai ƙafa biyu ya tara keke biyar. Marowaci kuma maɓarnaci a jiki ɗaya, abin da wuya. Gaskiyar magana, abin da ke zauren nan ya fi kama da kayan manomi: hauya, kalme, lauje, kowanne da ranarsa. Hanyoyin garuruwanmu ba iri ɗaya ba ne. Akwai gudron, akwai jar ƙasa mai gargada, akwai rairayin lungu, kuma babu keken da ya iya su duka. Wanda ya daɗe bisa sirdi ya fi kowa sanin haka, shi ya sa mai kuɗin keke ɗaya tak yake da abin koyo a wurinsa kafin ya nufi kasuwa.

Kafin mu shiga zauren, ga asalin abin a taƙaice. Keken da Bajamushe Karl von Drais ya fito da shi a 1817 na katako ne, babu feda, da ƙafa ake tunkuɗa ƙasa. A shekarun 1860 maƙeran birnin Paris suka liƙa feda a ƙafar gaba. Tunda zagaye ɗaya na feda zagaye ɗaya ne na ƙafa, mai son gudu sai ya ƙara girman ƙafar, har ta kai ƙirjin mutum, faɗuwa daga kanta kuwa ba wasa ba ce. A 1885 John Kemp Starley, a garin Coventry na Ingila, ya kawo sarƙa mai juya ƙafar baya, ƙafafun biyu suka dawo kusan kai ɗaya. Bayan shekara 3 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya sa taya mai iska. Daga nan siffar keke ba ta sake wani babban sauyi ba. Abin da ke raba wannan da wancan har yau bai wuce uku ba: ƙarfen da aka ƙera jikin da shi, faɗin taya, da yawan haƙoran da sarƙa ke bi.

Baƙin dokin ƙarfe

Na farko a zauren, wanda mai shi ya fi ji da shi, shi ne baƙin nan na iyaye da kakanni. Sunan da ya fi tashe a kansa Raleigh ne, na garin Nottingham, mai tambarin kan zalɓe a goshi. A shekarun 1950 da 1960, lokacin da arzikin Maraɗi da Damagaram ke tafiya kan gyaɗa, shi ne abin da manomi ke buri in kaka ta yi kyau. Saurayin da ya shigo gari bisa sabon Raleigh, ya naɗe ƙarafan da roba mai launi, ya ɗaura madubi biyu, ba ya bukatar a gabatar da shi. Daga baya kamfanin ya riƙa haɗa kekunansa a Kano. Sai na Sin da Indiya suka cika kasuwa da araha: Phoenix daga Shanghai, Flying Pigeon wanda aka fara ƙerawa a Tianjin a 1950, da Hero na garin Ludhiana wanda ya fara a 1956. Dukansu siffar keken Ingila suka ɗauko, shi ya sa daga nesa ba ka iya raba su.

Nauyinsa ya kai kilo 20, giyarsa ɗaya ce, birkinsa na sandunan ƙarfe ne. A takarda duk waɗannan aibi ne, a kan hanyarmu kuwa su ne ƙarfinsa. Jikinsa baƙin ƙarfe ne, in ya tsage kowane mai walda na bakin tasha zai ɗinke shi. Birkin sanda ba shi da wayar da ƙura za ta cushe. Kayan gyaransa na nan har a kasuwar ƙauye. Mahayi na zaune a miƙe, yana ganin gabansa, rigarsa ba ta takura shi. Sannan ga kariya. Bido huɗu na lita 25 kilo 100 ke nan na ruwa, kuma ana ganin masu ɗora su a kan irin wannan keke. Da shi ake shigo da zogale da kayan lambu daga Jiratawa, da shi ake kawo itace, ciyawa da rake.

Laifinsa na gaskiya biyu ne. In ƙarfen ƙafa ya jiƙe da damina, birkin kusan ba ya kamawa, sai an taka a hankali an fara matsawa tun daga nesa. Na biyu, giyar tasa ta yi tauri ga mai kaya. A nan ne ɗan lissafi ke da amfani. A ƙirga haƙoran babban farantin da feda ke juyawa, a ce 44, a ƙirga na ƙaramin da ke ƙafar baya, a ce 18. Zagaye ɗaya na feda zai juya ƙafar baya kusan sau biyu da rabi. Tunda kewayen tayar ya ɗan haura mita 2, kowane zagaye na kai ka kusan mita 5 da rabi. In kana yin zagaye 60 a minti, kana gudun kusan kilomita 20 a awa. Wannan daidai ne ga mutum shi kaɗai a kan gudron. Ga mai buhu biyu a baya kuwa azaba ce, shi ya sa ake ganinsu tsaye bisa feda suna lilo hagu da dama. Maganin ba shi da tsada: a sauya ƙaramin farantin baya da mai haƙora 22, a ƙara wa sarƙa gaɓa kaɗan. Tazarar ta sauko zuwa mita 4 da rabi, gudu ya ragu, amma gwiwa ta huta. Masu tara kekuna sun daɗe da sanin wannan, masu dako da yawa ba su sani ba, alhali su ne suka fi bukata.

Mai cin rairayi

Wanda ya bar babban titi ya shiga unguwa a Maraɗi ko Tawa ya san inda baƙin doki ke sarewa: rairayi. Siririyar taya na yanka shi kamar wuƙa ta nutse, kai ya murɗe, mahayi ya sauko ya tura. Don wannan ne keke na biyu ya shigo zauren, wanda ake kira VTT. Matasan jihar Kaliforniya ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi a shekarun 1970 don gangarowa daga duwatsu, kamfanoni suka fara ƙera shi da yawa a farkon shekarun 1980. Mu duwatsun ba su dame mu ba, faɗin tayarsa muke so. Taya mai faɗin santimita 5 ko fiye na baza nauyi a kan rairayi maimakon ta huda shi, kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi ke yi.

Ga kuma giya. Irin waɗanda suka fi yawa a kasuwarmu na da faranti 3 a gaba, 6 ko 7 a baya. In sarƙa ta hau ƙaramin gaba, mai haƙora 24, da babban baya, mai 28, zagaye ɗaya na feda bai kai ka mita 2 ba. Ƙafa na juyawa da sauri ba nauyi, keke na tafiya sannu ba ya tsayawa, kuma abin da rairayi ke so ke nan. Gwanaye kan sauya giya tun kafin su shiga, su ja jiki baya a sirdi don ƙafar gaba ta yi sauƙi, su riƙe kai sakwa-sakwa su bar shi ya nemi hanyarsa. Sukan kuma rage iskar taya kaɗan. Sai dai in ragin ya yi yawa, da ka hau gudron ka daki bakin rami, ƙarfen ƙafa zai cije tiyub ya bar huda biyu gefe da gefe. Duk mai faci ya san wannan alamar.

Abin mamaki, rabin masu VTT a gari ba sa taɓa giyarsu. Ko dai ta lalace tun tuni an ɗaure ta wuri ɗaya, ko kuwa ba a taɓa nuna masu amfaninta ba. Ƙarfen da ke sauya giyar baya na rataye ne a gefen dama, kusa da ƙasa, kuma da keke ya faɗi ta wannan gefen sai ya lanƙwashe. Don haka in za a kwantar da shi, a kwantar ta hagu. Kada kuma a sauya giya ana tsaye ko ana danna feda da ƙarfi.

A nan mai tara kekuna ke da ra'ayin da masu saye ba sa son ji. Sabon VTT mai araha, mai ƙyalli, mai sifirin gaba da baya, ba ya burge shi. Sifirin mai araha nauyi kawai yake ƙarawa, yana shanye ƙarfin ƙafa, kuma in ya saki babu mai gyara shi. Tsohon na hannu mai sandararren jikin ƙarfe, wanda fentinsa ya koɗe, sau da yawa ya fi shi kai shekaru. Muna ganin yana da gaskiya.

Na uku siriri ne, mai lanƙwasasshen kai, na tsere. Shi ne ya fi kowanne kyau, shi ne kuma ya fi kowanne zaman banza. Tayarsa ba ta kai santimita 3 ba, giyarsa ta sama na iya kai mutum mita 10 a zagaye ɗaya, kuma na manyan ƴan tsere ba ya wuce kilo 7 da wani abu, domin dokar hukumar tseren keke ta duniya ta hana ya gaza kilo 6.8. Sha'awarsa ta ƙaru a Afirka. Maƙwabtanmu na Burkina Faso na shirya Tour du Faso tun 1987. A 2024 Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango 3 a Tour de France ya kuma tafi da koriyar riga, sannan a watan Satumba na 2025 aka yi gasar duniya a Kigali, karo na farko a nahiyar. Amma wannan keke gudron mai santsi kawai ya sani. Mai shi kan fito da shi ranar hutu da sassafe, ya yi Damagaram zuwa Mirya, kilomita 18, ko Maraɗi zuwa Tibiri ya dawo, ya goge shi ya mayar ƙusa. Wanda zai sayi keke ɗaya kada ya fara da wannan.

Na huɗu shi ne wanda ake rainawa, kuma in ka lura shi ne tayarsa ta fi cinyewa, alamar shi aka fi hawa. Irin na hannu ne da ke zuwa daga Japan ko Turai, mai kwando a gaba, wanda ba shi da sandar nan ta tsakiya. Ana ce masa keken mata. Sai dai dattijo mai doguwar riga, ko mai ciwon ƙugu da ba ya iya wurga ƙafa ta bayan sirdi, shi ma nasa ne. Da yawansu na da giya 3 a ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, dabarar da kamfanin Sturmey-Archer na Ingila ya fito da ita tun 1902. A ƙasar ƙura irin tamu wannan babbar riba ce, domin komai a rufe yake, kuma ana iya sauya giya ko ana tsaye a mahaɗar hanya. Cefane, aiken gida, zuwa masallaci, kai yaro lakwal, duk nasa ne.

Gawa mai rai

Na biyar ba ya tafiya. Wani lokaci tsohon Peugeot ne da aka gada, wani lokaci ƙarafa ne kawai da aka saya da arha. Baƙo zai ce tarkace ne. Mai shi kuwa ya san daga nan ne feda, sirdi, wayoyin ƙafa da kusoshi ke fitowa ran da sauran suka bukata. Tun da hanyar Kwatano ta toshe a 2023, kayan da ke zuwa daga teku suka koma dogon zagaye, ajiye irin wannan gawa ya ƙara ma'ana.

Dalili na biyu shi ne kayan keke ba sa shiga juna yadda ake zato. A ɗauki taya. Mutum ya je kasuwa ya ce a ba shi lamba 28, ya dawo gida ta ƙi zama. Lamba 28 iri biyu ce. Ta baƙin doki, mai rubutun 28 x 1½, tana zama a ƙarfe mai faɗin milimita 635. Ta kekunan Turai na yanzu, wadda ita ma wani lokaci ake rubuta mata 28, tata 622 ce. Lamba 26 ta fi haka rikici: ta VTT 559, ta ƙananan kekunan Ingila da yawancin na Japan 590, tsofaffin na Faransa masu rubutun 650B kuwa 584. Hanyar tsira ɗaya ce. A gefen kusan kowace taya akwai lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, misali 40-635. Ta farko faɗin tayar ce, ta biyu girman ƙarfen da take zama a kai. Ta biyun ce ba ta ƙarya. A rubuta ta a takarda, ko a tafi da tsohuwar tayar.

Haka zaren kusoshi. Tsofaffin kekunan Faransa na da nasu ma'auni, wanda bai dace da na Ingila da duniya ta bi daga baya ba. Raleigh na Nottingham ma na da zarensa na kansa a wasu sassa. Mai gyaran da bai san haka ba zai sa ƙarfi ya murɗa, zare ya cinye, an kashe keken da ya shekara 50 yana aiki. Ko a kan kowane keke ma, fedar hagu a juye take ɗauruwa, ana kwance ta ta inda ake ɗaure sauran kusoshi.

Masu neman tsohon Raleigh na asali su ma sai da lura. Masana'antar Nottingham ta daina haɗa kekuna tun 2002, don haka sabon keke fil a kwali da aka ce daga can ya fito jiya, magana ce kawai. Tambari ana liƙa shi. Masana kan duba inda aka haɗa ƙarafa, ko aikin ya fita tsaf, su duba lambar da aka buga a jikin ƙarfe. In keken na da cibiyar Sturmey-Archer, galibi akwai shekara da watan ƙira a buge a kanta.

Tafiyar kullum

Tara kekuna rabin labarin ne. Ɗaya rabin shi ne fita kowace rana, kuma a nan ƙasar abokan hamayyar mahayi sanannu ne.

Rana ce ta farko. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mai hankali kan gama doguwar tafiyarsa kafin hantsi, ya bar saura sai bayan la'asar, da gorar ruwa a jikin keke. Da azumi wasu kan koma bayan asuba, wasu dab da shan ruwa. Rana ba mahayi kaɗai take ci ba, tana cin roba. Keken da ke yini a fili tayarsa kan tsattsage tun ba ta cinye ba, don haka inuwa ma gyara ce.

Sai iska. Wanda bai saba ba kan ɗauka nauyin keke ne ke gajiyar da shi, alhali a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da gudu ya ɗan ƙaru, iska ce ke cin mafi yawan ƙarfinsa. In gudu ya ninka biyu, turjiyarta kan ninka huɗu. Babbar riga kuwa tana kama ta kamar tanti. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar daga arewa maso gabas take busowa. Mai fita daga Maraɗi ya bi hanyar Tasawa zai sha ta a fuska, in ya juyo ta turo shi gida. Ƙa'idar tsofaffin mahaya ke nan: ka fara da fuskantar iska tun kana da ƙarfi. Wanda ya yi akasin haka zai ji daɗin tafiya, ya yi nisa bai sani ba, dawowa ta gagare shi.

Ƙaya kuma ba ta da lokaci. Ta aduwa da ta bagaruwa ana ganinsu, tsidau ne mugu, domin yana kwance a gefen hanya, duk yadda ya faɗi da tsini ɗaya a sama. Shi ya sa jakar mai tuƙin kullum ba ta rabuwa da famfo, faci, sholisho da sifana. Wasu kan yanka tsohon tiyub su shimfiɗa shi cikin taya ya zama kariya ta biyu. Bayan an yi faci, a bi cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙayar da ta yi hudar farko sau da yawa tana nan tana jiran ta biyu.

Kan sarƙa ne aka fi yin kuskure. Al'ada ita ce a kwarara mata baƙin mai na inji har ya riƙa ɗiga. Mai da rairayi in suka haɗu sun zama dutsen niƙa, suna cin sarƙa da haƙora tare. Abin da ya dace, a goge ta da tsumma, a ɗiga mai mai tsabta kaɗan a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a sake goge na waje. Cikin gaɓa ne ke bukatar mai. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: a ja sarƙar daga gaban babban faranti, in ta ɗago har ana hango haƙori a ƙarƙashinta, ta gama aiki. Sauya ta a lokacin ya fi araha, domin in aka bari sai ta tafi da farantan duka.

Sirdi ma yawancin mutane sun sa shi ƙasa da yawa, don su riƙa dafa ƙasa da ƙafa biyu suna zaune. Wannan ke kawo ciwon gwiwa. A zauna, a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sosai, tsayin ya yi.

Babban abin tsoro dai mota ce da babur. A kan babbar hanya ta 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, manyan motoci na wucewa da iskar da kan ja keke zuwa jikinsu. Cikin gari kuma ga ƴan kabu-kabu da adaidaita da ke tsayawa ba sanarwa. Wanda ya daɗe yana tuƙi ba ya bin hannun da ba nasa ba ko da tafiyar taku goma ce, yana miƙa hannu kafin ya karya kwana, ba ya fita bayan magariba sai da farar fitila a gaba da ja a baya. Hular kwano har yanzu ana yi mata dariya a kan keke, amma kai ɗaya ne. Ga masu ɗauko yara a kariya, a sa masu takalmi a kuma yi masu wurin ɗora ƙafa, domin diddigen yaro in ya shiga wayoyin ƙafar baya raunin ba ƙarami ba ne.

To, me ake samu? A ɗauki misali. Wanda ke biyan ɗan kabu-kabu dala 40 zuwa, dala 40 dawowa, kwana 26 a wata, ya kashe jika 10 da dala 80. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun farkon 2024, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a hanya. A shekara kuɗin ya doshi jika 125, abin da ya isa sayen keke mai kyau na hannu har da canji. Mai babur ma, ko da litar mai na kusan dala 100, ya san abin da yake zubawa kowane mako. Ta fannin lafiya, hukumar lafiya ta duniya, OMS, na ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 20 zuwa aiki, minti 20 dawowa, kwana 5, an sami 200 ba tare da an ware lokaci ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya dai ya fara jin ta bakin likita.

Duk da haka abin da ke hana mutane da yawa ba rana ba ce, ba ƙaya ba ce, ido ne. A wurinmu keke matakin farko ne na tsani: keke, babur, mota. Wanda ya sauko daga babur ya hau keke, ƴan fada za su ce karaya ta zo. Ga mace abin ya fi nauyi, ban da ƴan mata ƴan lakwal, alhali a Wagadugu uwa da goyonta da kayan kasuwarta bisa keke ba abin kallo ba ne. A Holan, Mark Rutte ya yi shekaru yana firaminista yana zuwa aiki a keke, ran da ya sauka a 2024 ma a kansa ya bar fadar gwamnati. Mai keke biyar na unguwa yana da wani amfani a nan wanda shi kansa bai nufa ba: tunda kowa ya san ba rashi ne ya sa shi ba, ganinsa kullum na sauƙaƙa wa na bayansa.

Ɓarayi kuwa ba su raina keke. Kowanne na da lamba a buge a jikin ƙarfe, galibi a ƙarƙashin inda feda ke juyawa ko kusa da sirdi. A rubuta ta, a ɗauki hoton keken da waya, a kuma karɓi takardar ciniki wurin mai sayarwa, musamman in na hannu ne. Makullin da ke kama ƙafar baya kaɗai ba ya hana a saɓa keke a kafaɗa, sai an haɗa jikinsa da wani abu kafaffe.

Yawan kekunan zauren ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da watan Oktoba ya kama, aka koma lakwal, wani ɗa ko ɗan ƙane ya sami kwaleji a wancan gefen gari, sai a sauko da ɗaya daga ƙusa, a rage masa sirdi, a sa sabuwar robar birki, ya bar gidan. Kafin kaka ta ƙare, mai zauren ya ji labarin wani tsohon Phoenix da ke jingine bayan rumbu a wani ƙauye, ya tafi ciniki.